YADDA AKA RIƘE MAI JINYA, HAKA YAKE RIƘE MARA LAFIYA

Karatu: Littafin Ƙidaya 11:10-17, 1 Sarakuna 19:1-18, Markus 5:1-20

GABATARWA



Wasu shekaru da suka wuce na raka wata uwa daga ikkilisiyarmu zuwa wani asibitin masu taɓin hankali domin mu duba ɗanta. Saurayi ne mai son karatu, yana cikin ƙungiyar mawaƙa, sai ciwo ya same shi ya daina barci, ya fara maganganun da ba kai ba gindi. Muna zaune a bakin ɗakin sai ya taso yana roƙon a ba shi ruwa. Ma'aikaciyar jinyar da ke bakin aiki ta daka masa tsawa, ta kira shi da lambar gadonsa, ta ce ya koma ya kwanta ko kuwa ta sa a ɗaure shi. Uwar ta sunkuyar da kai. Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai, na yi niyya sai na kai ƙararta wurin manya.

Kafin in tafi na same ta zaune a kan benci a bayan ɗakin, ta cire takalmi tana matsa ƙafa. Na gaishe ta, na ce, “'Yata, sannu da aiki.” Wannan gaisuwa kaɗai ta sa idonta ya cika da hawaye. Ta ce, “Baba, tun jiya da yamma nake nan, wadda za ta karɓe ni ba ta zo ba.” Ta nuna mini tabo a hannunta inda wani mara lafiya ya cije ta a makon da ya wuce. Da ta kai rahoto, aka ce mata ai wanda ya zaɓi aikin mahaukata ya san abin da ya zaɓa. Ba wanda ya tambaye ta ko ta ji tsoro, ba wanda ya ba ta ko kwana ɗaya ta huta. Washegari aka mayar da ita ɗakin nan, ita da mai taimako guda ɗaya.

Na koma gida da ƙarar a bakina ban kai ta ba. Abin da ta yi wa yaron nan ba daidai ba ne, har yau kuwa ban ce daidai ne ba. Amma na gane cewa tsawar da ta sauka a kansa ta yi doguwar tafiya kafin ta iso gare shi. Ta taso daga ofishi, ta bi ta kan shugabar ɗaki, ta bi ta kan wannan 'yar, sa'an nan ta faɗa a kan wanda ba shi da kowa a ƙarƙashinsa. A kan wannan al'amari nake so mu yi tunani tare a wannan fitowa.

MENE NE HALIN WURIN AIKI?

Kowane wurin aiki yana da dokoki iri biyu. Akwai waɗanda aka rubuta aka manna a bango. Akwai kuma waɗanda ba a rubuta ba, amma kowane sabon ma'aikaci yakan haddace su kafin wata ɗaya ya cika: wanda ake iya yi wa tambaya da wanda ba a iya yi wa, abin da ke faruwa da mutum in ya amsa kuskurensa, sunan da ake kiran marasa lafiya da shi in an rufe ƙofa, ko ana cika takardar duba mara lafiya bayan an duba shi ne ko kuwa a zaune a kan kujera. Waɗannan dokoki na biyu su ne nake kira halin wurin aiki, su ne kuma suke mulki a zahiri. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Yarinyar da ta fito daga makarantar koyon jinya da zuciya mai taushi, in ta shiga ɗakin da ake yi wa marasa lafiya ba'a, da farko za ta ji ƙyama, daga baya ta yi shiru, wata rana kuma ta ji muryarta a cikin masu dariya.

Wannan gaskiya ce a kowane sashe na asibiti, amma ta fi nauyi a wurin jinyar masu ciwon ƙwaƙwalwa saboda dalilai biyu.

Na farko, wanda ya karye ana ɗaukar hoton ƙashinsa, mai zazzaɓin cizon sauro ana gwada jininsa. Yawancin cututtukan ƙwaƙwalwa kuwa da kunne da ido ake gane su: a zauna da mutum, a saurare shi, a lura da barcinsa da cin abincinsa da yadda yake amsa magana. Ma'aikacin da kansa shi ne babban kayan aikin. Maganin ciwon damuwa yakan ɗauki makonni kafin amfaninsa ya bayyana. Wasu tsofaffin magunguna irin su Largactil da Haldol, waɗanda har yanzu ake amfani da su da yawa saboda arharsu, sukan sa jiki ya sandare, hannu ya yi rawa, miyau ya riƙa zuba. Akwai yadda ake gyara wannan, ta rage yawan maganin ko canza shi ko ƙara wani. Amma sai mara lafiya ya faɗa, ba kuwa zai faɗa wa wanda yake jin tsoro ba. Sai ya yi shiru har a sallame shi, ya isa gida ya zubar da maganin, bayan wata uku a dawo da shi a ɗaure da igiya, a ce ciwon nan ba ya jin magani.

Na biyu, mai taɓin hankali shi ne mutumin da ba a gaskata shaidarsa. In mai ciwon ciki ya ce an mare shi, danginsa za su ta da hankalin asibiti. In mai taɓin hankali ya faɗi haka, sai a ce ciwon ne yake magana. Garkuwarsa ita ce lamirin wanda yake lura da shi, da ƙarfin halin abokin aikin da ya gani ya ƙi yin shiru. Inda halin wurin aiki ya kashe waɗannan biyu, mara lafiya ya zama tsirara.

YADDA ALLAH YA RIƘE MA'AIKATANSA

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana gajiyar bayin Allah ba. A Littafin Ƙidaya sura 11 mun ga Musa, mutumin da ya tsaya a gaban Fir'auna, ya kai inda ya gaji da rai. Jama'a suna kuka a ƙofofin alfarwansu saboda nama. Musa ya kwatanta kansa da mai reno da aka ɗora wa jaririn da bai haifa ba, ya ce kayan sun fi ƙarfinsa, har ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Ku lura da amsar Ubangiji. Bai zarge shi da ƙarancin bangaskiya ba. Ya umarce shi ya tara dattawa 70 domin su ɗauki nauyin tare da shi. Tun kafin wannan, a Fitowa sura 18, surukinsa Yetro ya riga ya gargaɗe shi cewa zaman shari'a shi kaɗai daga safe har yamma zai gajiyar da shi, ya kuma gajiyar da jama'ar da ke jiransa. Yetro ya ga abin da shugabanni da yawa ba su gani ba har yau, wato in ma'aikaci ya ƙare, waɗanda yake yi wa hidima su ne suke biyan bashin. A Ƙidaya sura 20 mun ga ranar da abin ya faru. 'Yar'uwarsa Maryamu ta rasu a Kadesh, ruwa ya ƙare, jama'a suka sāke taso masa. Allah ya ce ya yi wa dutse magana, shi kuwa ya zagi jama'a, ya bugi dutsen har sau biyu. Allah bai kau da kai daga laifin ba, Musa ya sha hukuncinsa. Amma mai karatu da ya bi labarin tun daga farko ya san hanyar da ta kawo shi nan.

Haka ma Iliya a 1 Sarakuna sura 19. Bayan nasarar Dutsen Karmel, barazanar Yezebel ta sa ya gudu zuwa Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji shi kaɗai, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi mutuwa. Bari mu bi matakan da Ubangiji ya bi da shi. Ya bar shi ya yi barci. Ya aiko da gurasa da tulun ruwa. Ya sāke barinsa ya kwanta, ya sāke ciyar da shi. Sai da ya isa Horeb Allah ya yi masa tambaya, ya bar shi ya zuba kukansa, har sau biyu yana maimaita magana ɗaya ba a katse shi ba. Bayan haka ne ya gyara masa tunani, ya nuna masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya ba shi aiki, ya kuma ba shi Elisha ya zama abokin tafiya. Hutu, abinci, kunne mai sauraro, gyara cikin taushi, da abokin aiki. Wannan shi ne halin gidan aikin Allah. Ubangijinmu Yesu ma, a Markus sura 6, da ya ga masu zuwa da masu tafiya sun hana almajiransa ko damar cin abinci, ya janye su zuwa wurin da ba kowa domin su huta kaɗan.

A shekara ta 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan ƙarewar ƙarfi a matsayin abin da ke fitowa daga matsin wurin aiki da ya daɗe ba a magance shi ba. Ta ba da alamu uku: gajiya mai zurfi, janyewar zuciya daga aikin har mutum ya fara raina shi, da raguwar ƙwazo. Alama ta biyu ita ce mai haɗari ga mara lafiya, gama ita ce take mayar da ɗan wani ya zama lambar gado. Abin lura shi ne hukumar ta jingina matsalar ga yanayin aikin. Ba ta ce raunin halin ma'aikaci ne ba.

A ƙasarmu nauyin ya fi na Musa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Nijeriya ta sha faɗa a 'yan shekarun nan cewa yawansu bai kai 300 ba, a ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200, ga shi kuma da yawa suna ficewa zuwa ƙasashen waje. Manyan asibitocin tarayya na wannan fanni, kamar na Barnawa a Kaduna, na Maiduguri, na Kware a Sakkwato, na Yaba da na Aro, kowannensu yana ɗauke da jihohi da dama. Duk wanda ya tafi, aikinsa yakan faɗa a kan waɗanda suka rage.

GIDAJE BIYU A GARI ƊAYA

Wani zai ce matsalar ta kuɗi ce kawai. Kuɗi yana da nasa, ba mu musu. Amma tarihi ya nuna akwai abin da kuɗi ba ya saye.

A shekara ta 1790 aka kai wata gwauruwa mai suna Hannah Mills gidan masu taɓin hankali na birnin York a Ingila. 'Yar ɗarikar Quaker ce, Kiristocin da suke kiran kansu Abokai. 'Yan'uwanta masu bi suka nemi su ziyarce ta aka hana su, bayan 'yan makonni kuwa ta mutu. Wannan ya dami wani ɗan kasuwar shayi a cikinsu mai suna William Tuke. Ba likita ba ne, amma ya tara kuɗi da goyon baya, a 1796 suka buɗe nasu gidan a garin, suka kira shi da suna mai ma'anar mafaka. Sun hana sarƙa da duka. Masu lura da marasa lafiya suna zaune tare da su kamar iyali, ana cin abinci tare, ana aikin lambu, ana kiran kowa da sunansa. Magungunan zamanin ba su da wani amfanin kirki a gidajen biyu. Bambancin yana cikin irin mutanen da aka ɗauka aiki, da abin da aka koya musu su gani in sun dubi mara lafiya, wato siffar Allah da ciwo bai share ba. A 1814, da wani alƙali mai suna Godfrey Higgins ya tilasta a buɗe masa ƙofofin tsohon gidan, ya tarar da ɓoyayyun ɗakuna cike da ƙazanta inda ake cusa mata. Gari ɗaya, ciwo ɗaya, zamani ɗaya.

Kada mu ce wannan tsohon labari ne. A watan Satumba na 2022 gidan talabijin na BBC ya nuna abin da wani ɗan jarida ya ɗauka a ɓoye bayan ya yi aiki a cibiyar Edenfield kusa da Manchesta. An ga ma'aikata suna zagin marasa lafiya, suna yi musu ba'a, suna danne su ba bisa ƙa'ida ba, suna cika takardun duba su da ƙarya. Wannan asibiti ne mai gini mai kyau, da magani, da albashi a kan kari. Binciken da aka fitar a farkon 2024 ya nuna ƙarancin ma'aikata, ya kuma nuna cewa waɗanda suka ga ɓarnar sun ji tsoron magana, wasu da suka yi maganar ba a saurare su ba. Inda ake kāre sunan gida fiye da mutanen da ke cikinsa, mugunta takan sami ɗakin kwana.

ABIN DA AKA YI A ƘASARMU

Ba sai mun ƙetare teku kafin mu ga misali mai kyau ba. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya dawo daga karatu a Ingila ya kama aiki a Aro, kusa da Abeokuta. Ya shirya da dattawan ƙauyukan da ke kewaye da asibitin domin marasa lafiya su sauka a gidajen mutane, kowa tare da wani ɗan'uwansa, uwa ko ƙanwa ko goggo. Da rana a je asibiti a karɓi magani, da yamma a koma cikin jama'a. Ma'aikatan jinya suna nan a ƙauyen, ana kuma zama da dattawa a kai a kai a tattauna yadda abubuwa suke tafiya. Ta haka ya rushe bangon da ke ɓoye ma'aikaci da mara lafiya daga idon duniya, ya mai da dangi abokan aiki. Sunan Aro ya zaga duniya, shi kansa Lambo daga baya ya zama mataimakin babban darektan Hukumar Lafiya ta Duniya.

A 1989 kuma, a Itumbauzo ta Jihar Abiya, wata Baturiya mai suna Rosalind Colwill tare da Ikkilisiyar Metodis suka kafa Amaudo, wato ƙauyen salama da harshen Ibo. Suna ɗauko masu taɓin hankalin da ke kwana a tituna da kasuwanni. Ma'aikata da marasa lafiya suna zama wuri ɗaya, suna ci tare, suna aiki tare, suna sujada tare. Ana ba da magani, ana koyar da sana'a, sa'an nan a nemi dangin mutum a mayar da shi gida. Ikkilisiya ce ta yi wannan, a ƙasar nan, da hannun mutane irinmu.

SARƘA KO SUNA?

Yanzu bari mu dubi Markus sura 5. Kafin in ci gaba ina so in yi gargaɗi. Nassin ya faɗa a fili cewa baƙin aljannu ne suka kama mutumin ƙasar Garasinawa. Wannan bai ba mu izini mu ce duk mai taɓin hankali yana da aljannu ba. Ƙwaƙwalwa gaɓa ce kamar hanta da zuciya, tana ciwo, tana kuma jin magani. Matiyu 4:24 ma ya lissafta masu aljannu dabam, masu farfaɗiya dabam, shanyayyu dabam. Abin da nake so mu koya daga wannan labari shi ne bambancin hannuwa biyu da suka taɓa mutum ɗaya.

Mutanen garin suna da tsarinsu: sarƙa da mari. Sun ɗaure shi sau da yawa, ya tsinke, suka sāke ɗaurewa, har suka gaji suka bar shi a makabarta yana kuka dare da rana yana yanka jikinsa da duwatsu. Ba lalle mugaye ba ne. Tsoro da gajiya ne suka zama musu al'ada. Yesu kuwa ya ƙetare teku cikin hadiri, ya tsaya a gabansa bai gudu ba, ya yi tambaya a kan suna. Da mutanen gari suka zo, suka tarar da shi a zaune, da tufafi a jikinsa, cikin hankalinsa. Wani ne ya ba shi rigar nan. A ƙarshe Yesu ya mayar da shi gida wurin mutanensa, ya kuma ba shi aikin shaida, har ya zaga Dikafolis yana ba da labari. Abin baƙin ciki shi ne mutanen garin sun lissafta aladu wajen 2,000 da suka hallaka, suka roƙi Yesu ya bar ƙasarsu. Lissafin dukiya ya fi musu mutumin da ya warke.

'Yan'uwa, wanne hannu ne namu? A watan Nuwamba na 2019 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto bayan ta ziyarci wurare 28 a jihohi takwas da Abuja inda ake ajiye masu taɓin hankali. Ta tarar da ɗauri da sarƙa a mafi yawansu, har da yara. Wuraren sun haɗa da na gwamnati, da na masu maganin gargajiya, da na Musulmi, da na Kirista. Kada mu nuna wa maƙwabci yatsa. An sami majami'u inda ake ɗaure mutane da sunan addu'a, ana tilasta musu azumi na kwanaki. Sunan Yesu ne a kan allon ƙofar, amma tsarin mutanen Garasa ne a ciki. Annabi Ezekiyel a sura 34 ya kawo ƙarar Allah a kan makiyayan da ba su ƙarfafa raunana ba, ba su ɗaure raunin karyayyu ba, suka mallake su da ƙarfi da tsanani. Wannan ƙara ba ta tsufa ba.

A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da ta samo asali tun zamanin mulkin mallaka. Sabuwar dokar ta amince cewa mai taɓin hankali yana da haƙƙi, ta kuma hana azabtar da shi da wulaƙanta shi. Mun gode wa Allah. Amma doka ba ta kwana a ɗakin marasa lafiya da ƙarfe biyu na dare. Wanda yake can shi ne ma'aikacin da ya gaji, abin da zai yi kuwa ya dangana ga yadda aka riƙe shi da abin da ya saba gani.

TO, ME ZA MU YI?

Ga ku shugabanni, musamman na asibitoci da ɗakunan shan magani na ikkilisiya: ku biya ma'aikata haƙƙinsu a kan lokaci. Yakubu 5:4 ya nuna cewa ladan da aka danne yana da murya, Ubangiji kuwa yana jinta. Kada kalmar “hidima” ta zama mayafin da ake rufe zalunci da shi. Ku tsara aiki yadda mutum zai sami barci da ranar hutu. In mara lafiya ya bugi ma'aikaci, ku zauna da shi a ranar, ku duba rauninsa, ku saurari tsoronsa kafin ku mayar da shi ɗakin. Ku riƙa shiga ɗakunan da kanku ba sanarwa, har da dare. In ƙaramin ma'aikaci ya kawo muku labarin ɓarna, ku gode masa a gaban mutane, gama yadda kuka karɓi mutum na farko shi zai nuna ko za a sami na biyu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ku bambanta kuskuren da aka amsa da muguntar da aka ɓoye. Na farko koyarwa yake bukata, na biyu hukunci.

Ku kuma raba kaya kamar yadda aka raba wa dattawan nan 70. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya take da shirin horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane su kuma yi jinyar ciwon damuwa, da farfaɗiya, da taɓin hankali, ƙarƙashin kulawar ƙwararru. Asibitocinmu na ƙauye za su iya shiga irin wannan horo. Sai dai horo ba tare da mai zagayowa yana dubawa yana ƙarfafawa ba, ƙarin kaya ne kawai a kan mai kaya.

Ga ku ma'aikata masu bi, likitoci da nas-nas da masu shara da masu gadi: gajiyarku gaskiya ce, Allah kuma ya san ta. Amma ba ta ba ku izini a kan wanda ya fi ku rauni ba. Ku kira mara lafiya da sunansa. Wanda ya isa ya haife ku, ku ce masa Baba ko Mama ko da yana cikin ruɗu. Ku bayyana masa maganin da kuke ba shi. Kada ku sa hannu a kan abin da ba ku yi ba. In kun ga zuciyarku ta fara bushewa, ku faɗa wa wani tun da wuri. Neman taimako ba faɗuwa daga bangaskiya ba ne. Ku tuna sabon ma'aikaci yana kallonku. Kamar yadda mugun hali yake yaɗuwa, haka nagari yake yaɗuwa, sau da yawa kuwa mutum ɗaya da ya ƙi yin dariya yakan ba wasu uku ƙarfin hali.

Ga mu ikkilisiya: muna da 'ya'ya da suke aiki a waɗannan wurare, muna kuwa yi musu ba'a cewa mai aikin mahaukata shi ma da saura. Mu tuba daga wannan. Mu sa su cikin addu'ar sujada da sunan aikinsu. Zumuntar mata da ta matasa su ziyarci waɗannan ɗakuna kamar yadda suke ziyartar ɗakin haihuwa, su kai sabulu da abinci, su gai da ma'aikata. Ɗakin da baƙi suke shiga a kai a kai ba ya zama maɓoyar mugunta. Ranar 10 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya. Ana iya gayyatar ma'aikacin wannan fanni ya yi wa jama'a bayani a Lahadin da ta fi kusa. Fastoci kuma mu san iyakarmu. Mu yi addu'a da dukan zuciya, mu kuma kai mutum asibiti, kada mu taɓa ce wa kowa ya bar maganinsa domin ya nuna bangaskiya. Majalisun ikkilisiya su ma su dubi yadda suke riƙe fastocinsu da masu bishara, gama su ne ƙofar farko da mai damuwa yakan buga, makiyayin da aka ƙuntata kuwa da wuya ya yi haƙuri da tunkiya mai ɗingishi.

KAMMALAWA

Saurayin nan da na ba ku labarinsa ya sami sauƙi, yana shan maganinsa, ya koma cikin mawaƙa. Ma'aikaciyar kuwa ban sāke ganinta ba, ban kuma san ko wani ya taɓa tambayarta yadda ta kwana ba. Nakan tuna da su biyun cikin addu'a ɗaya, gama Almasihu ya mutu domin su duka. A Matiyu sura 25 Ubangiji ya nuna cewa abin da aka yi wa mafi ƙanƙanta cikin 'yan'uwansa, shi aka yi wa. A ranar nan za a tambayi wanda ya daka tsawa, za a kuma tambayi wanda ya bar ta ita kaɗai a ɗakin. Bari kowannenmu ya bincika inda yake tsaye tun da sauran lokaci.

ADDU'A

Ya Ubanmu na sama, kai da ka ciyar da Iliya a jeji, ka kuma ba Musa mataimaka, ka dubi bayinka da suke jinyar masu ciwon ƙwaƙwalwa a ƙasarmu. Ka sabunta ƙarfinsu, ka tausasa zukatan shugabanninsu. Ka gafarta mana inda muka ɗaure waɗanda ka aiko mu mu kwance. Ka warkar da marasa lafiya, ka ta'azantar da iyalansu, ka mai da gidajen jinyarmu wuraren salama. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.